Rakiya Har Bakin Teku

Awakin da ke kiwo a gindin duwatsun Hatta sun saba ganin mutane iri-iri, amma ran nan sai da suka ɗaga kai. Mutum biyu ne ke hawowa. Na gaba dogo ne siriri, da sanda a hannu da jakar goyo wadda ta kusa kai buhun gero. Na baya gajere ne mai tumbi, sanye da farar shadda mai aiki a wuya, da hula zanna, da takalmi sau-ciki yana ƙyalli, makullin mota na lilo a yatsarsa. Duk wanda ya gan shi zai rantse ɗaurin aure za shi ya ɓata hanya.

Malam Ado ke nan, mutumin Rano, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani asibiti a Deira, cikin birnin Dubai. Shi ba tafiya ya fito ba, rakiya ya zo.

Mai tafiyar shi ne Abdul-Mumuni, ɗan Zangon Kumasi, direban babbar mota a wani sito da ke Al Quoz. Shekara da shekaru yana kai kaya daga Dubai zuwa gabar gabas, titi na ratsawa da shi ta cikin duwatsun nan, yana kallon su ta gilashi yana haɗiyar yawu. Yanzu ya ajiye aiki. Idanun mahaifiyarsa sun yi rauni, matarsa Faridatu ta gaji da riƙon gida ita kaɗai, sai ya yanke shawarar komawa Ghana gaba ɗaya. Amma kafin jirginsa ya tashi, ya ce sai ya taka duwatsun da ƙafarsa, daga Hatta har inda suka ƙare a bakin teku a Kalba, ta tsohuwar hanyar jakuna, a cikin sanyin Janairu.

Da Malam Ado ya ji, cewa ya yi, “Mutum da hankalinsa, Allah ya hore masa mota, ya ce sai ya yi gasa da jaki.”

Ba tafiyar dutsen ce ta ɓata masa rai ba, komawar Mumuni Ghana ce. Gini ɗaya suke zaune a International City, shi da iyalinsa a hawa na biyu, Mumuni a ƙasa cikin ɗakin da suke haya su da yawa. Duk Juma'a bayan masallaci a faranti ɗaya suke cin abinci. Ranar da aka haifi Sauda, 'yar Malam Ado, Mumuni ne ya tuƙa motar zuwa asibiti, don uban ya ruɗe. Malam Ado ba shi da ɗan'uwa a ƙasar nan sai shi. Ya yi ta faɗi-tashi har ya samo masa wani aikin don ya zauna, Mumuni ya yi godiya ya ƙi. Tun daga ranar gaisuwar Malam Ado ta gajarce. Kowa a ginin ya yi wa Mumuni addu'ar tafiya, har mai gadi ɗan Nepal ya yi tasa irin, amma bakin Malam Ado ya ƙi furta “Allah ya kiyaye hanya.” Abin yana cin Mumuni ƙwarai, don yayansa ya ɗauke shi, kuma ba ya son hawa jirgi da fushin babba a bayansa.

Duk da haka Malam Ado ya ɗauki hutun aiki a makon, wai don ya huta. Shi ya ɗauko Mumuni a motarsa har Hatta. Ya ajiye motar a inuwar wani masallaci inda kwalta ta ƙare, ya fito yana gyara hula.

“Bari in taka maka,” ya ce, fuska a ɗaure.

To, a gidan su Malam Ado rakiya tana da ƙa'ida. Mai rakiya ba ya juyawa don kansa. Sai mai tafiya ya tsaya ya ce, “Ka koma haka, na gode,” shi kuma ya ce, “A'a, bari dai mu kai waccan bishiyar,” a ɗan ja, sannan a yi musabaha a rabu. Wanda ya juya ba a sallame shi ba, kamar ya ce da ma ya gaji da baƙon ne. Malam Ado da kansa ya koya wa Mumuni wannan, wata rana da ya ga ya raka baƙo bakin lif ya juyo. Faɗan da ya yi masa ran nan har maƙwabta sun ji.

Suka wuce gonakin dabino na ƙarshe, suka shiga wani kwari mai tsakuwa. Malam Ado ya ƙyalla ido ya ga wata ƙatuwar bishiyar ƙaya, ya ce a ransa nan ne za a sallame shi. Suka iso, Mumuni ya wuce ta yana ba shi labarin wani abokin aikinsa da ya taɓa juye katan-katan na ƙwai a shataletale. Malam Ado ya yi gyaran murya. Mumuni ya miƙo masa gorar ruwa.

Da hanya ta fara hawa, Malam Ado ya dubi agogo a fili, yadda makaho ma zai gane. Ya ce, “Wannan wuri ya yi kyau da tsayawa.”

“Ya yi kyau paa, Yaya,” in ji Mumuni. “Amma ka jira ka ga na sama.”

Kafin azahar shaddar ta zama ruwan ƙasa, hular ta koma aljihu. Takalmin da aka yi domin kafet ya buɗe baki a kan wani kaifin dutse. Malam Ado ya zauna daɓas, ya ɗaga shi sama don mai laifi ya gani, cikin ransa yana cewa yanzu kam dole a sallame shi.

Mumuni ya sauke jaka, ya tura hannu can ƙasa, ya zaro takalmin aiki irin na sito, mai ƙarfe a baki. Ya zaro safa da wando da riga mai kauri da bargo.

Malam Ado ya zura ƙafa. Takalmin ya zauna daram, alhali ƙafar Mumuni ta fi tasa nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana kallon takalmin, sannan ya ciro waya ya hau wani tudu inda ake samun sabis, ya kira matarsa.

“Sa'adiya, kin san inda nake?”

“Abban Sauda, ai rakiya ka ce za ka,” ta ce, muryarta na rawa da dariyar da take dannewa. “Maganin hawan jininka yana aljihun jakarsa na hagu. Akwai dambun nama ma, kada ka bari ya cinye.”

“Wato da ke aka haɗa baki.”

“Ni me na sani? In ka gaji ka dawo mana. Sai dai kai ka ce mai rakiya ba ya sallamar kansa.”

Ya kashe wayar. Gaskiya ne, babu wanda ya ɗaure shi, motar tana can ƙasa inda ya bar ta. Amma a je Kumasi a ce Bakano ya yanke rakiya a tsakiyar hanya? Ya sauko daga tudun, ya karɓi sandar Mumuni ba tare da ya roƙa ba.

“An ce ba a fafe gora ranar tafiya,” ya ce. “Kai ka fafe taka ka fafe tawa. Allah ya isa tsakanina da kai, ɗan Zango.”

“Amin, Yaya. Yalla, mu tafi.”

Washegari Malam Ado ya tashi jikinsa kamar an yi sussuka a kansa. Gwiwa tana ƙara, ƙugu ya ƙi miƙewa, ya yi ta kiran sunan Allah kafin ya iya zama. Sai da ya zauna ɗin ya lura da abin da ya faru: ya yi barci tun daga kwanciya har asuba bai farka ba, abin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Babu ƙarar esi, babu ƙararrawar waya. Rana tana fitowa ta bayan duwatsu, tana shafa musu ja ɗaya bayan ɗaya, iska mai sanyi na kawo ƙamshin wata ciyawa da bai san sunanta ba. Bai ce ya yi kyau ba, don kada a ji daɗi. Ya dai daɗe bai ɗauke ido ba.

Mumuni ya jiƙa garin rogo da sukari da gyaɗa a kwano. Shekarun nan duka Malam Ado tsokanarsa yake yi da garin nan, yana ce masa abincin fursuna. Ran nan ya shanye nasa har ya leƙa kwanon Mumuni.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya, su ma suna tafiya. Su hau su sauka, su bi kwari har ya ƙure, su nemi tarin duwatsun da mutanen dā suka jera don nuna hanya. Ruwa suke ɗiba a masallatan ƙauyuka da gonakin da suke ratsawa. Suna ƙasaru, inda ruwa ya yi ƙaranci su yi taimama. Malam Ado ya ga duk damuwar duniya ta taru ta zama guda uku: ina ruwa, ina inuwa, ina za a sa ƙafa. A Dubai kansa ba ya rabuwa da lissafin abin da bai zo ba tukuna. A nan kuwa in ya yi tunanin jibi, sai tsakuwa ta zame da shi ta dawo da shi yau.

Wata hantsi suka ci karo da jakunan jeji a bakin wani tafki. Uwar ta tsaya tana kallon su, ɗanta na leƙowa ta bayanta.

“Ga abokan gasarka nan,” in ji Malam Ado. “Je ka gaishe su.”

“Ai kai suke kallo, Yaya. Ba su taɓa ganin babban ma'aikaci a nan ba koraa, ko sau ɗaya.”

Malam Ado ya yi dariya kafin ya tuna fushi yake yi.

Can gaba a cikin kwarin ya tsaya cak. Wata bishiya ce mai duhun ganye, ƙasanta cike da 'ya'ya jajaye ƙanana. Ya tsinci ɗaya ya goge a riga ya jefa a baki, sai idonsa ya kawo ruwa.

“Kurna!” ya ce da ƙarfi, har dutse ya amsa. “Mumuni, kurna ce wallahi! Ga tumfafiya ma can. Ashe abin da na baro a Rano yana nan bayan gari, ni ina can ina hawa lif!”

Ya jefar da sanda ya ɗebi duwatsu ya shiga jifan reshe, kurna na zubo masa a ka. Ya ba da labarin yadda suke tsere wa makarantar allo su hau duwatsun Rano da awakin kakarsa, da yadda wani maƙeri ya taɓa kama shi a kan kurnarsa ya sa shi zuga-zugi har la'asar. Mumuni ya zauna yana dariya yana tara masa a hula zannar, wadda yanzu ta samu aikin yi. Daga ranar Malam Ado ya daina duba agogo. Har waƙa aka ji yana yi a hawa, da muryar da ta sa tsuntsaye canza wuri.

Amma ko sau ɗaya ba su taɓo maganar jirgi ba. In hira ta nufi can, sai ɗayansu ya ga wani abu a gefen hanya.

Ana nan suka sauko wata gona a tsakiyar duwatsu, dabino da lemun tsami da ruwa na gudu a siririyar magudana. Mai gonar wani tsoho ne Balarabe, da ƙyar ƙafa ke ɗaukarsa, amma ya rantse ba za su wuce ba sai sun sha gahawa. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo dabino da zumar kurna. Larabcin Mumuni na direbobi ne, na Malam Ado na littafi, tsohon kuma nasa na dutse, amma hira ta yi daɗi. Da ya ji daga Hatta suke a ƙafa, ya buga cinya ya ce rabonsa da ganin wanda ya biyo hanyar nan tun kafin a yi kwalta.

Da suka tashi, tsohon ya ɗauki sandarsa ya biyo su. Ya raka su har ƙarshen gonar, ya wuce, yana ɗingishi yana nuna musu inda hanya ta bi. Ba su yi nisa ba Mumuni ya tsaya, ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Khalas, Baba, shukran. Ka koma haka, ka huta.”

Tsohon ya ɗan ja, Mumuni ya dage, aka yi addu'a aka rabu.

Malam Ado ya riƙe ƙugu. “Au! Ashe bakinka ya iya faɗa!”

Mumuni bai yi dariya ba. A ƙasa da su kaɗan titin kwalta ne ya ratsa kwarin, motoci na wucewa jefi-jefi, har da taksi. Duk tafiyar babu inda ya fi nan sauƙin komawa. Ya dubi titin, ya dubi ƙafafun Malam Ado da suka sha filasta, kunya ta kama shi. Wasan ya yi nisa, mutumin nan ba yaro ba ne.

“Yaya,” ya fara, “gaskiya na wahalar da kai. In kana so...”

Malam Ado ya dubi titin shi ma. Abin da ya kwana ya wuni yana jira ga shi ya zo bakin Mumuni, sai ya ji tsoronsa yake yi. Ba ya son taksin nan, ba ya son sanyin cikinsa. Yana son ya ga abin da ke bayan wancan dutsen, kuma yana son ya gan shi tare da wannan ɗan Zangon mai taurin kai.

“Surutun me kake yi rana na yi?” ya katse shi. “Kawo jakar nan, kai ma ka ji yadda mai rakiya ke ji.”

Ya saɓi jakar, ta kusa kayar da shi, ya daidaita. Ya tsallaka titin bai ko waiwayi motocin ba. Daga nan har ƙarshe shi ne a gaba.

Hawan ƙarshe ya fi kowanne tsanani. Sannu ba ta hana zuwa, haka Malam Ado ya riƙa faɗa wa gwiwoyinsa, su kuma suna ba shi amsar da ba ta da daɗi. Da suka kai ƙoli iska ta canza, ta zo da danshi da ɗan gishiri. Suka ɗaga kai. Duwatsu sun yi ƙasa-ƙasa har sun ƙare, ga fararen gidajen Kalba, ga kore-koren bishiyoyin bakin ruwa, bayansu kuma teku shuɗi har inda ido ya gaza.

Mumuni ya yi kabbara. Malam Ado ya ɗaga sanda sama ya yi wata kururuwa irin ta yaran kiwo, wadda shi kansa bai san tana nan a maƙogwaronsa ba. Murna ta cika shi har ya rasa inda zai sa ta, sai ya rungume Mumuni ya buga masa baya. Suka sauko suna zamewa suna dariya.

La'asar sakaliya suka isa bakin ruwa. Masunta na jan koma can gefe, wasu yara na ƙwallo. Suka tuɓe takalma suka shiga har idon sawu, gishiri ya ciji ƙurajen ƙafarsu, suka yi tsalle suka sake shiga. Sai dariyar ta lafa a hankali, don kowa ya san abin da ya rage.

Mumuni ya juyo ya fuskance shi. Ya kama hannunsa da hannu biyu, yadda ya kama na tsohon.

“To, Yaya,” ya ce. “Ka...”

Maganar ta tsaya. Ya sake gwadawa. Dogon mutum, direban babbar mota, sai ga hawaye na bin fuskarsa yana gogewa da kafaɗa.

“Na yi ta shirya ta tun daga Hatta,” ya ce. “Wallahi ba ta fita.”

Sai yanzu Malam Ado ya gane. Takalmi da bargo dabara ce, amma shirun ba dabara ba ne. Shi yana can yana ganin shi kaɗai ake bari, ashe mai tafiyar ma ciwon yake ji. Tausayi ya kama shi, da kunyar rowar da ya yi wa ƙaninsa ta kalma huɗu.

“Bar shi,” ya ce. “Yau ni zan karya ƙa'idar, kada dai ka faɗa a Kumasi. Na kawo ka inda ƙasa ta ƙare, gaba ruwa ne, ni kuwa ban iya iyo ba. A nan zan tsaya.”

Ya ƙara riƙe hannun.

“Ka tafi, Mumuni. Uwa ta fi aboki, ka yi daidai. Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sa ka tarar da Hajiya lafiya, ya ba ta hasken idonta ta gan ka. Ka gaida Faridatu da yara. Abin da na yi maka ka yafe mini.”

“Amin, Yaya. Amin. Ni ma ka yafe mini.”

“Na yafe, ban da garin rogo.”

Suka shafa. Igiyar ruwa ta zo ta daki ƙafafunsu ta koma. Sun yi sallama yadda ya kamata, babu abin da ya saura, amma ba wanda ya motsa. Can Mumuni ya ja hanci ya share fuska.

“Yaya, motarka fa tana Hatta.”

“Na sani.”

“Sai mu fita titi mu nemi taksi.”

Malam Ado bai dubi titi ba. Ya juya baya ga teku yana kallon duwatsun da suka fito daga ciki, rana na gangarawa ta bayansu. Ya daɗe yana kallo, har Mumuni ya fara zargin wani abu.

“Jirgin naka,” ya ce, “yaushe ne ma?”